Garmar Dominic a Filotin Wani

Ranar da na fara sanin Dominic, da takalmi ƙafa ɗaya na isa bakin titi. Sauri ne ya haifi nawa. Na makara, motar ma'aikata da ke ɗaukarmu a Nyanya kuwa ba ta jiran ko kakan darakta, sai na ce bari in yanke ta wani filoti da ke bayan gidajenmu a Kurudu, wanda aka ja wa katanga rabi aka watsar. Ruwa ya kwana yana zuba. Ina sanye da farar shadda, ina tafe ina gyara hula kamar wanda za a rantsar. Taku na uku ƙafata ta nutse cikin wani tudun ƙasa har ƙauri. Na fizgo ƙafa ta fito, takalmi ya ce shi kam ya samu mazauni. Na sunkuya in ciro shi, ɗaya ƙafar ta zame, na zauna daɓas a kan tudu na biyu.

Sai na ji murya a bayana: "Oga, wannan ba kujera ba ne. Doya ne a ciki."

Na waiga na ga wani dogon mutum ramamme, garma a kafaɗa, farin idonsa ya ja rawaya. Bai yi dariya ba, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan, domin ni ko faɗuwa zan yi ina so a biya ni da dariya. Na ce, "Ai na ga ta yi shiru ne, na zo taya ta hira." Ya wuce ni ya durƙusa, ya shiga mayar da ƙasar da hannuwa biyu kamar mai gyara wa jariri zani. Takalmin sai da yamma ya kawo min har gida, a wanke.

Sunana Manniru, shekara ashirin da ɗaya ina jan fayil a wata ma'aikata, kuma duk inda za ni bakina ya riga ni isa. Matata Zulai shaida ce. A lokacin watanta bakwai a gidansu a Zariya. Ta ce ta gaji da zama da mutumin da ko rasuwa aka gaya masa sai ya fara lalubar inda abin dariyar yake. Na ce mata wannan ma abin dariya ne. Ba ta dawo ba. Amma ba labarina na zo bayarwa ba.

An haifi Dominic a Kurudu tun tana ƙauye, lokacin da in ka tsaya a kan dutse ba ka hangen komai sai ganyen doya da hayaƙin murhu. Gbagyi ne, wato Bagwari, manomi ɗan manomi. Abu biyu ya tashi da su. Na farko garma, wadda ubansa ya miƙa masa tun tsayinsa bai kai ƙotarta ba. Na biyu maganar uwarsa. Mutanensu ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, ko itace ne ko tulun ruwa. Yana yaro ya taɓa kwaikwayon Hausawa 'yan kasuwa ya ɗora ƙwarya a kansa, tsohuwar ta make hannunsa, ta ce kai ya riga ya ɗauki nasa kayan tun daga ciki, duk tunanin mutum a nan yake, wanda ya ƙara masa wani nauyi zalunci ya yi. Dominic bai ƙara ba.

Yana da aure da 'ya ɗaya, Treasure, aka wayi gari da masu awon ƙasa da na'urarsu mai ƙafa uku. Suka leƙa, suka rubuta, suka kafa 'yan duwatsun siminti, suka tafi. Bayan damina biyu gonar ubansa ta zama layuka masu lamba. Ɗakin da nake haya ma a kanta yake. Ya taɓa nuna min inda bishiyar ɗorawarsu take, wadda suke cin abincin rana a inuwarta, daidai inda yanzu nake shanya wanki. Sai na ce ashe shi ya sa kayana suke bushewa da albarka. Wannan ma bai yi dariya ba.

Da noma ya ƙare sai ya nemi aikin ƙarfi, ya samu dako a wani sito na tayil ɗin daɓen gida a Idu. Wanda ya san Abuja ya san Kurudu da Idu kamar gabas da yamma ne, sai ka keta garin gaba ɗaya. Da asuba yake fita, ya faɗa gosulon Nyanya, inda mutum zai sayi biredi ta taga, ya ci, ya yi nadama, motar ba ta motsa ba. Sati biyu yana ɗaukar kwali a kafaɗa, ɗaya bayan ɗaya, sauran 'yan dako suna ɗora bibbiyu a ka suna wuce shi. Ranar nan shugaban 'yan dako ya tare shi a ƙofa.

"Kai Bagwari, nan ba gonar ubanka ba ce. Biyu a ka, ko ka ajiye katin aiki ka kama hanya."

Dominic ya tsaya da kwali a kafaɗa. Ya tuna Treasure ta shiga sakandare. Ya sauke, ya cire rigarsa ya naɗe ta gammo, ya sunkuya aka ɗora masa. Ya ce a ransa gara da tsohuwa ta riga ta kwanta dama. Ranar da ya koma gida bai ci tuwo ba.

Shi dai har yau ya yi imani daga ranar ne kansa ya daina yin shiru. In ya kwanta sai lambobin gidaje su riƙa yawo a idonsa, yana cire su ɗaya-ɗaya yana mayar da kunyoyin doya a gurbinsu, kafin ya gama an kira asuba. Ga wuya kamar an ɗaure da waya. Wani abokin dako ne ya ja shi teburin Mama Justice a tashar Nyanya, wata mata mai fara'a da ta rataye 'yan ledojin giyar ogogoro jere kamar tutocin biki. Ya ce masa maganin wuya ne. Kuma gaskiya ya faɗa, wuya ya saki, kai ya yi tsit. Wannan ita ce masifar abin: da bai yi aiki ba da ba wanda zai koma.

Leda ɗaya da safe don jiki ya tashi, biyu da yamma don kai ya kwanta. Daga baya lissafi ya ɓace. Shekara tara. Ba mai hayaniya ba ne in ya sha, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Shigowa yake ya zauna a bakin ƙofa ya zuba wa bango ido. Matarsa Rosemary, mai gasa masara a bakin hanya, ta ce min da ma zagi yake yi, ta san dai da mutum take zaune.

Ƙarshen aikin Idu ya zo ne wata Talata, jiri ya kwashe shi da kwali biyu a ka, tayil ya tarwatse, aka karɓe katinsa kafin ma ya gama farfaɗowa. A asibiti wata likita 'yar yarinya ta ja fatar idonsa ƙasa, ta danna cikinsa ta dama, ya yi ƙara.

"Baba, hantarka ta gaji," in ji ta. "Ba tsoro nake ba ka ba. In ka ci gaba da sha, shekara ɗaya ma na yi maka kyauta."

Ta ba shi magani, ta ba shi shawara. Ta ce in damuwa ta taso ya riƙa jan numfashi a hankali, ya samu wanda zai riƙa gaya wa abin da ke ransa, ya kuma riƙa motsa jiki. Mutumin da ya shekara tara yana ɗaukar gidajen mutane a kansa kwali-kwali, shi ake cewa ya motsa jiki. Ya ce to.

Ya gwada, kada a ce bai gwada ba. Ya ci goro har zuciyarsa ta riƙa duka kamar ganga. Ya shiga taron addu'a na ranar Laraba a cocinsu, aka ɗora masa hannu, aka yi tafi, amma hanyar komawa gida ta gaban masu leda take bi, kuma su ba sa tashi daga taro. Ya ja numfashi har Rosemary ta zaci asma ce ta kama shi. Abin yana da lokacinsa kamar mai karɓar haraji: da sassafe, sai kuma la'asar sakaliya. In ya zo hannuwansa su kama rawa, maƙogwaro ya bushe, duniya ta matse ta koma girman leda ɗaya. Sati uku ya daure, ya faɗi. Ya sake daure kwana goma, ya faɗi.

Wata la'asar a ƙarshen damina Rosemary ta ga yana sa takalmi a hankali, irin sa takalmin wanda ba ya so a tambaye shi. Ba ta tambaye shi ba. Ta shiga bayan madafa ta jawo tsohuwar garmarsa, wadda ta yi tsatsa ta ƙi yarda a sayar wa 'yan gwangwan, ta ɗora masa a kafaɗa.

"Baban Treasure, tunda can za ka, tafi da wannan. Ka fara haƙa ramin da za mu sa ka. Ni ba ni da ƙarfin haƙa, 'yarka kuma mace ce."

Ya fita a fusace, garmar tana kafaɗa don ya ma manta da ita. Hanyar tasha ta gefen filotin nan mai rabin katanga take bi. Ciyawa ta fi mutum tsawo, amma a kusurwa ya hango wani baƙin dutse mai kwarmi a tsakiya. Dutsen da ubansa yake wasa garma ne. Duk Kurudu an rufe ta da bulo, wannan 'yar kusurwar kaɗai aka manta. Ya tsallaka ya shiga. Ya ce min ba noma ya yi niyya ba, so yake ya doki wani abu, ƙasa ce kawai a kusa. Ya sara, ya sara, ya jawo ƙasa ya tara, hannu ya tuna abin da kai ya manta. Da ya ɗago, ga kunyar doya guda tsaye a gabansa, mai tudu har gwiwa, irin ta mutanensu. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Ya laluba cikinsa ya nemi ƙishin nan, ya tarar ya wuce.

Daga ranar ya kafa wa kansa doka: duk sa'ad da abin ya taso, kunya ɗaya. In bai kwanta ba, a ƙara wata. Akwai ranar da ya yi goma sha ɗaya a ƙasar rani mai tauri kamar ƙarfe, tafin hannunsa ya fashe. 'Yan'uwansa na ƙauye suka aiko masa da iri, ya bi ya binne. Da lokacin tada kunya ya wuce sai ya koma nome da kafa sanduna. Kunya ɗari huɗu da goma sha biyu ya tsayar, kowace ɗaya leda ce da bai sha ba, kuma ya san su kamar 'ya'yansa. Wadda na zauna a kai, in ji shi, ta ranar da aka ce ɗan ƙanensa ya rasu ce.

Izini kuwa ya nema, amma irin na gidansu. A wurinsu ƙasar da ba a nomawa ba a hana mai garma. Ka yi sallama, ka noma, in doya ta yi ka kai wa mai wuri ta farko. Ya je ya gaida Jacob, maigadin layin, ya tambayi mai filotin. Jacob ya ce wani ne a cikin gari, shekara takwas bai ga ƙeyarsa ba. Dominic ya ce ba komai, in ya zo zai tarar da rabonsa. Ya ware layi guda a wuri mafi taki, ya sa masa iri mafi kyau, yana kiransa layin mai wuri. A ganinsa magana ta ƙare. Bai taɓa kawowa a ransa ba cewa a Abuja takarda ake gaisarwa, ba ƙasa ba.

Bayan faɗuwata na mayar da filotin wurin yada zango. In na dawo daga ofis sai in zauna a kan baƙin dutsen ina zuba, shi yana aiki.

"Baban Treasure, wannan doyar in ta fito sai an kai ta Makka, don ta hana giya fiye da wa'azi."

"Malam Manniru, bakinka ba ya gajiya?"

"Shi kaɗai ne bai kai shekarun ritaya ba."

"Matarka ya kira?"

Hausarsa ba ta damu da raba mace da namiji ba, amma tambayarsa ba ta kuskuren wuri. Sai in ce layin Zariya ne ba kyau, in ja wata hirar.

Na ga idonsa yana washewa da idona. Kumatu suka fara dawowa. Wata tara bai taɓa leda ba, ya shiga na goma. Treasure ta samu miji, an sa biki lokacin Kirsimeti, ya ce duk wanda ya zo sakwarar gonarsa zai ci, ba ta kasuwa ba. Ranar ce kaɗai na ga haƙoransa, da na ce a ajiye min turmi guda ni kaɗai.

A farkon watan Agusta, ganye ya rufe sanduna shar, wata mota ta tsaya a bakin katangar. Ashe mai wurin mace ce, Hajiya Maimunat, dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, tare da injiniyanta. Dominic ya ajiye garma ya goge hannu, ya rusuna ya gaishe ta da murna, kamar wanda baƙon da ya daɗe yana jira ya iso. Ya ja ta har wurin mafi taki.

"Mama, ga naka. Wannan layi duka naka ne. Tun bara na ajiye."

Ta dubi layin, ta dubi injiniya. Ba ta gane me ake ba ta ba. Da Jacob ya yi mata bayani sai ta gyara mayafi.

"Bawan Allah, ni ban san da kai ba. Litinin za a fara aiki."

"Mama, sati shida. Doya bai ƙosa ba. Sati shida kawai, in cire, in share maka wurin da hannuna."

Ba muguwar mace ba ce, na rantse. Ta ciro wata takarda daga jaka. Hukuma ce ta rubuto cewa duk filin da ba a fara gini ba kafin ƙarshen wata za a karɓe. Shekara talatin da biyar ta yi aiki, wannan filin ne kaɗai abin da ta tsira da shi. Ita ma gaba damisa ce baya siyaki. Ta ce ya tone abin da zai iya kafin Litinin, ta ce ya yi haƙuri har sau uku, ta shiga mota.

Ya tona guda ɗaya a gabana. Doyar ba ta fi hannun jariri ba, fara sol, ruwa ce zalla. Ya mayar da ita ya rufe, ko da yake ya san ba ta da sauran amfani.

Litinin da hantsi katafila ta zo. Ban je ofis ba. Dominic ya tsaya a bakin katanga, garma a kafaɗa, bai roƙi kowa ba. Abin da ya tara a wata goma bai ci wa injin awa ɗaya ba. Sanduna suna karyewa ƙas-ƙas, 'yan doyoyi suna fitowa fari-fari cikin jar ƙasa, tayar ƙarfe tana bi ta kansu. Baƙin dutsen ne ya ɗan ba su wahala, sai da direban ya ja baya ya sake zuwa. Da aka kawar da shi Dominic ya jingina garmar a jikin katanga, ya juya ya nufi titi. Rosemary ta bi shi a baya da nisa, ba ta kira shi ba, har ta ga ya shiga motar Nyanya. Ta dawo ta ɗauki garmar a kafaɗarta ta kai gida. Ni da bakina ya riga ni zuwa ko'ina, ranar ko tari ban yi ba.

Ya sha. Kwana uku yana sha. Ranar Alhamis ya yi aman da ya sa Rosemary ta kira maƙwabta.

Asabar da safe aka ce min in je ƙarƙashin manyan wayoyin wuta da ke bayan gari, inda doka ta hana gini, inda mutane suke zubar da shara. Can na same shi. Ƙasar tsakuwa ce da fasassun kwalabe. Ya tada kunya bakwai, ƙanana, karkatattu, yana kan ta takwas, kowane sara sai ya tsaya ya dafa cikinsa ta dama. Rawayar ta dawo idonsa, har ta fi ta ranar da na fara ganinsa. A aljihun rigarsa ga kan leda nan ya leƙo, ba a fasa ba. Lokacin shuka ya wuce tun tuni, iri kuma duk yana ƙarƙashin harsashin ginin Hajiya. Kunyoyi ne kawai, babu komai a cikinsu, babu kuma abin da za a sa. Can gefe Rosemary tana zaune a kan bulo, ta bar masararta, ta zuba masa ido.

"Daga ɗaya na sake farawa," in ji shi, bai ɗago ba.

Ya kamata in yi shiru. Na sani. Amma abin ya yi min nauyi, kuma ni hanya ɗaya na sani ta sauke irinsa.

"Baban Treasure, a ƙarƙashin wayar nan me za ka shuka, batir? In ta fito da wuta ka ja min layi, mu huta da duhu."

Ya kafa garmar a ƙasa. Ya daɗe yana dubana, yana haki.

"Malam Manniru, ni abin da yake kashe ni ga shi nan a aljihu. Na san shi, likita ya san shi, matata ya san shi, ga shi can ya bar kasuwa ya zauna yana gadina. Kai naka a baki yake, kullum kana sha, wata nawa yanzu? Wa ya zauna yana gadinka? Matsa, ka tsaya a inda zan sara."